Dole Sai Na Je Birni Kafin In San Makamar Aikin Shari'a?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗalibi ne mai karatun difloma a fannin shari'a, burina in zama mataimakin lauya, wato faraligal. Garinmu wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Makaranta ta ce kowa ya nemi wurin sanin makamar aiki na wata huɗu, a ƙarƙashin wanda zai sa masa ido ya kuma sa hannu a logbuk, wato littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi kullum. Abokaina duk sun nufi ofisoshin lauyoyi a Kano da Dutse. Ni ba ni da masauki a can, ga damina ta kawo jiki, ba mai kama wa Baba aikin gona. Akwai kawuna da ke rubuta wa mutane takardu a bakin kotu, ya ce in zo in zauna wurinsa, zai samo mini mai buga hatimi. Dagacinmu ma ya ce in riƙa zama a fadarsa ranar da ake sulhu. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa karatu albarka, ya ƙara wa Baba lafiya.

Ba dole sai ka je birni ba. Na daɗe ina karɓar ɗalibai irinka, kuma ban taɓa ganin inda tsayin bene ya koya wa wani aiki ba. Na san yaron da ya yi wata huɗu a wani ƙaton ofishi a Kano, ga na'urar sanyi ga kafet, ya dawo bai iya komai ba sai fotokwafi da sayo wa oga abincin rana. Na kuma san wanda ya yi nasa a ɗakin rajistaran wata ƙaramar kotu, inda ko fanka babu, ya fito yana iya buɗe fayil ya nuna maka shafin da shari'a ta karkace. Shi na biyun ya dace da mai karanta abin da ya rubuta, ya bi shi da jan biro, ya ce koma ka sake. Na farkon kuwa har ya gama ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya gane. To ka ga ba gari za ka nema ba, mutum za ka nema.

Shi ya sa a duk wasiƙar taka abin da ya tsaya mini a rai shi ne "mai buga hatimi". Hatimin wanda bai ga aikinka ba ƙarya ce da tawada. Idan malamin da makaranta ta turo zagaye ya iso ya tarar ba a san ka a wurin ba, ka yi asarar zangon, kuma wannan ma mai sauƙi ne. Babbar asarar ita ce ka fito da takarda hannu, kai kuma fanko, sannan wata rana wata tsohuwa ta ɗauko zancen gonar marayunta ta damƙa maka saboda an ce ka yi karatun shari'a.

Ba ina raina kawu ba ne. Marubutan bakin kotu sun daɗe suna share wa talakawa hawaye, kuma akwai dattawa a cikinsu da suka fi wasu sababbin lauyoyi sanin yadda ake tsara koke. Ko doka ma ta san da zamansu: tsohuwar dokar kare marasa iya karatu ta ce duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda sai ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, kuma sa sunan na nufin ya karanta masa, ya fassara masa, kafin ya dangwala yatsa. Amma akwai iyaka, kuma iyakar ce ta shafe ka. Sashe na 22 na Dokar Lauyoyi ya mai da shi laifi wanda ba lauya ba ya yi aikin lauya, ko ya nuna wa mutane shi lauya ne, ko ya karɓi lada ya tsara takardar da ta shafi gida ko fili. Sai dokar ta yi togaciya ga ɗalibi ko akawun da ke aiki a ƙarƙashin lauya. Ka lura da kyau. Takardar cinikin gona ɗaya ce, hannun da ya rubuta ɗaya ne, amma in ka tsara ta a teburin lauya, ya duba ya ɗauki nauyinta, koyon aiki kake; in ka tsara ta a gindin darbejiya aka miƙo maka dubu biyu, laifi kake. Kawu ba zai iya zame maka wannan inuwa ba, don shi kansa ba ya cikinta.

To mene ne sa ido? A wurina, mai sa maka ido mutum ne guda, mai suna da muƙami, wanda makaranta ta amince da shi a rubuce. Shi yake ba ka aiki. Ba abin da zai fita daga hannunka zuwa hannun mai ƙara sai ya gani. Yana da lokacin zama da kai ko da rabin awa ne a mako, ya tambaye ka me ka gani kuma me ya sa aka yi haka. In ka yi ɓarna, shi za a tuhuma, shi ya sa ba zai bari ka yi ba. Duk wanda ya ce "kawo littafin a ƙarshen wata in sa hannu gaba ɗaya", ka gode masa ka nemi wani.

Wuri mafi kusa da kai, kuma mafi albarka a ganina, shi ne kotun da kawu ke zama a bakinta. Ka wuce shi ka shiga ciki. Rigimar mutanen karkara a Kano da Jigawa, aure da saki da hul'i, ciyarwa da riƙon 'ya'ya, gado, bashi, iyakar gona, akasarinta a Kotun Musulunci take ƙarewa, kuma ba duka ake ganin lauya a ciki ba. Wannan ita ce shari'ar da za ka rayu da ita idan a gida za ka yi aiki, ba rigimar kamfanoni ba. Ka karɓo takardar gabatarwa daga makaranta, ka kai wa rajistara da kanka, zuwa da kai ya fi saƙo. Kotunan Musulunci suna ƙarƙashin kulawar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, kotunan majistare kuma ƙarƙashin Babbar Kotu, don haka kada ka yi mamaki in ya ce takardar sai ta fara bi ta hedikwata a Dutse. Ka fara da wuri saboda wannan.

In an karɓe ka, makon farko ka zama kunne da ido. Ka zauna a bencin baya da littafinka. Ka ga yadda ake karɓar ƙara, a yanka rasit, a ba ta lamba, a shigar da ita babban littafi, a rubuta sammaci, a ba masinja. Ka roƙi a bar ka ka raka masinja ko sau biyu ne. A nan za ka gane cewa shari'u da yawa ba a gaban alƙali suke lalacewa ba, a hanya suke lalacewa: an kai sammaci an ba yaron gida, ko an ba mai suna irin na wanda ake nema, ko an kai ranar kasuwar Gujungu gari ya watse. Hukuncin da aka yi wa wanda ba a tabbatar sammaci ya same shi ba, a kotun sama rushe shi ake yi, komai kyawunsa.

Daga nan ka zaɓi shari'a uku ka bi su daga farko har inda suka tsaya, ɗaya ta aure, ɗaya ta gado, ɗaya ta gona. Bin uku da kyau ya fi leƙa hamsin. Ka lura da wanda alƙali ya mai da mai da'awa da wanda ya mai da wanda ake ƙara, don a fiƙihun Malikiyya ba lallai wanda ya riga zuwa kotu ne mai da'awa ba, kuma a kan wannan rabon ne ake sanin wa zai kawo shaidu, wa rantsuwa za ta hau. Ka kasa kunne ka ji ko an ba wa kowane ɓangare damar sukar shaidun ɗan'uwansa. Sannan ka jira wata 'yar tambaya da ake yi dab da hukunci: "Kana da sauran magana ko wata hujja?" Wannan shi ne i'izari. In ka gan shi a zaune sai ka ɗauka al'ada ce kawai, amma rashinsa a rubuce ya sha rushe shari'ar da aka shekara ana yi. Idan rajistara ya yarda, ka nemi tsohon kwafin shari'ar da aka ɗaukaka ƙara a kanta, ka karanta shi tare da hukuncin kotun sama. Kwafi ɗaya irin wannan ya fi maka laccar mako guda.

Sai dai zaman kotu yana da sharaɗi mai nauyi. Muddin kana ƙarƙashin rajistara, kai na kotu ne, ba na kowane ɓangare ba. Mutanen garinku za su tare ka a bakin masallaci: "Ɗan gidan Malam, kai da kake ciki, me zan ce wa alƙali ran Litinin?" Amsarka ɗaya ce, ba ka da izinin magana a kan shari'ar da ke gaban kotu. Za ka iya gaya wa mutum ranar zamansa, da inda ake biyan kuɗi a karɓi rasit, da cewa ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, galibi kwana 30, kada ya kwanta. Ban da wannan, bakinka alekum.

Wannan sharaɗin ne kuma ya sa kotu kaɗai ba ta isa ba. A kotu za ka ga yadda ake yanke magana, amma ba za ka koyi yadda ake karɓar mutum a saurare shi a tsamo zancen shari'a daga cikin kukansa ba, alhali wannan ne rabin aikin mataimakin lauya. Ko ɗaliban Makarantar Horon Lauyoyi, irin reshenta na Bagauda, raba musu lokacin fita ake yi, wani a kotu, wani a ofishin lauya. Kai ma ka nemi makaranta ta yarda maka da irin wannan rabo: kwana uku ko huɗu a kotun gida, kwana ɗaya a mako ka shiga mota zuwa wurin lauya. Kuɗin motar yini ɗaya ya fi kuɗin haya da abincin wata huɗu sauƙi nesa ba kusa ba.

Wane lauya? Ka fara da inda aka saba da talaka. Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Dutse da Kano, kuma dokarta ta 2011 ta ambaci masu irin karatunka, har ta ba hukumar ikon ba da lasisi ga wanda ya yi kwas ɗin da aka tsara. Jigawa tana da cibiyoyin shari'a na al'umma a ƙarƙashin hukumar gyaran harkokin shari'a ta jiha, inda ake ba da shawara da sasanci kyauta. Akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ko kuma ka sa ido a kotunku: lauyan da ka ga yana yawan zuwa, yana riga alƙali isowa, fayil ɗinsa a tsare, ka gaishe shi ka gabatar da kanka. Lauyan da yake da shari'u a ƙauye kullum yana bukatar wanda zai duba masa ranar zama ya karɓo masa kwafi. Amma in a wannan kotun kake zaman koyo, ka sanar da rajistara tun farko, kuma kada ka taɓa fayil ɗin da lauyan naka yake ciki.

Bari in ba ka labarin ranar da na san amfanin sa ido, don a kaina ya faru. Ina sabon shiga a wurin wani dattijon lauya, aka kawo wata tsohuwa daga ƙauye, ɗan ƙanenta ne ya rako ta, kuma shi ya yi ta magana. Gonar mijinta marigayi tana hannun wani maƙwabci shekara goma sha huɗu, yanzu 'ya'yanta sun girma suna so, mutumin ya ce ai tasa ce. Ni kuwa karatu na cina. Na san hauzi: wanda ya riƙe gona shekara goma yana nomawa, mai ita yana gari yana gani bai yi magana ba, kuma ba abin da ya hana shi magana, da'awarsa ta faɗi, in ba tsakanin dangi ba, inda ake kai wa shekara arba'in. Na rubuta shafi guda cif, na ƙare da cewa ba ta da shari'a, na kai wa maigida ina jin kaina.

Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce a shigo da ita, yaron kuma ya jira a waje. Ya gaishe ta, ya tambayi jikoki, ya tambayi damina. Can sai ya ce, "Iya, akwai itace a gonar?" Ta ce akwai ɗorawa biyu da tsamiya. Ya ce, "Wa yake kaɗe ɗorawar?" Ta dube shi kamar ya yi tambayar yara, ta ce, "Ni mana. Da me nake daddawa?" Ya ce mutumin bai taɓa hana ta ba? Ta ce ina zai hana ta, ai duk kaka ma sai ya aiko mata da damin gero biyu. Maigida ya juyo ya kalle ni, bai ce komai ba. Wanda ya mallaki gona ba ya aika wa wani dami duk shekara, ba ya kuma barin wata ta kwashe masa kalwa. Aro ne, kuma hauzi ba ya cin gonar da aka shiga ta hanyar aro ko jingina ko haya, ko an shekara nawa. Dokar da na rubuta daidai ce. Tambayar ce ban yi ba, kuma na bar mai rakiya ya yi magana a madadin mai magana. Da ni kaɗai ne a gindin bishiya, da na sallame ta da "sai haƙuri, Iya", ta tafi tana sa mini albarka.

Wannan ya kawo mu kan dagaci. Ka je, kada ka yi wasa da wannan gayyata. Yawancin rigimar ƙauye ba ta isa kotu, a wurin mai unguwa da dagaci da hakimi da liman take mutuwa, kuma irin su ɗorawar Iya a can za ka koye su. A can za ka ji bambancin aro da jingina da kyauta da saye a bakin masu yi, ka ga yadda ake bin iyaka da gamba ko tsohon kututture, ka ga yadda ake kimanta ɓarnar shanu, ka ji abin da ambaliya ke yi wa iyakokin fadama. Kai ma kana da abin da za ka ƙara musu, wato rubutu. Sulhu da yawa yana warwarewa ne saboda ba a rubuta ba, shaidu sun mutu, kowa ya tuna abin da ya yi masa daɗi. In dagaci ya yarda, ka riƙa rubuta rana, da sunayen ɓangarori da shaidu, da abin da aka amince a kai dalla-dalla, a karanta wa kowa da Hausa kafin ya sa hannu. Kada ka karɓi ko sisi, kuma samfurin da za ka yi amfani da shi lauyanka ya fara gani. Amma fada wurin ƙarin ilimi ce, dagaci ba zai zama mai sa hannu a logbuk ba sai in makaranta ce ta rubuta ta ce ta yarda.

Akwai kuma abin da ba a sulhu a kansa. Fyaɗe, kisa, fashi, yi wa yaro mummunan rauni, waɗannan ba na zaure ba ne, ko da iyaye sun ce a rufa asiri. In aka kawo maganar fyaɗe kana wurin, abu na farko asibiti ne, cikin awa 72, saboda maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki, kuma shaidar likita ba ta jira. Ka kira mai sa maka ido nan take. Ba kai za ka yi wa dagaci gardama a gaban jama'arsa ba. Ka same shi a keɓe, cikin ladabi.

Gado kuwa, a nan ɗalibai suka fi zamewa, don lissafin yana da daɗi. An ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, nan da nan yaro ya zaro biro: tumuni na mata, sudusi na uwa, a kasa dukiya 120, mata 15, uwa 20, kowane namiji 34, mace 17. Daidai ne. Amma 120 na me? An fitar da kuɗin jana'iza? An biya bashi, har da ragowar sadakin matar in akwai? Akwai wasiyya, kuma ba ta haura sulusi ba? Awakin da ke gidan nasa ne ko na matar? Gonar tasa ce shi kaɗai, ko ta gandu ce da ba a raba ba tun rasuwar kakansu? Akwai ciki? Aikinka shi ne tattaro waɗannan amsoshi a tsare ka miƙa. Rabon na alƙali ne da malamai.

Wata rana za a buga maka ƙofa da dare a ce an kama wane. Ka san abin da doka ta ce, don ka iya kwantar wa iyali hankali. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama wani a madadin wani, sun kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Kano da Jigawa kowacce tana da tata dokar gudanar da shari'ar laifuka, ka nemi ta jiharku ka karanta. Beli a caji ofis kyauta ne a doka. Sanin wannan ba lasisin ɗaga wa DPO murya ba ne. Ka rubuta sunan wanda aka kama, da ranar da lokacin, da laifin da aka ce, da sunan ɗan sandan da ke binciken, ka tura wa lauyanka. Wannan 'yar takarda ta sha fitar da mutum fiye da hayaniya.

Za su fara kiranka Barista, tun ma ba ka yi wata guda ba. Yana da daɗi a kunne, na sani. Ka riƙa gyara musu kowane lokaci, da dariya: "Ɗalibi ne, Baba, ban kai ba tukuna." Ranar da ka yi shiru ka amsa, ka fara taka sashen nan na 22. Haka na goro. Wanda ya ba ka dubu ɗaya yau saboda ka duba masa ranar zama, gobe in ya yi nasara zai ce da hannunka, in ya faɗi zai ce ka ci kuɗinsa, kuma duk biyun sunan alƙali suke ɓatawa.

Riƙe sirri ya fi wuya a ƙauye fiye da birni, don wadda ta zo neman hul'i ƙila ƙanwar abokinka ce, wanda ake bi bashi ƙila limaminku ne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ko Inna ta tambaya, ka ce aiki lafiya. Kada ka ɗauki hoton fayil a waya, kada ka tura wa 'yan ajinku a WhatsApp wai don su ga abin mamaki. In shari'ar danginku ta zo, ka gaya wa rajistara ka janye jikinka daga ita.

Shi kansa logbuk, ka cika shi kullum kafin ka kwanta, kuma ba da sunan kowa a ciki. "Na je kotu, na ga shari'a" ba rubutu ba ne. Ka rubuta irin wannan: "Shari'ar gona, zama na uku. Mai da'awa ya kawo shaidu biyu, aka soki ɗaya da cewa yana da amfani a cikin gonar, alƙali ya nemi a kawo wani. Na tsara sammacin shaida, rajistara ya gyara mini sunan unguwa da ranar zama." Ka ajiye duk takardar da aka yi maka jan biro a kai, bayan ka shafe sunaye. Ran da za ka nemi aiki, waɗannan da wasiƙar mai sa maka ido su ne za su yi maka magana.

Batun kuɗi, kada ka sa rai. Yawancin wuraren nan ba sa biyan ɗalibi. Akwai SIWES, shirin tura ɗalibai sanin makamar aiki da ITF, hukumar horar da ma'aikata, ta fara a 1973, mai ɗan alawus, amma ba kowane kwas yake ciki ba, sai ka tambayi ofishin da ke kula da fitar ɗalibai a makarantarku. Kuma ka sani tun yanzu, difloma da wata huɗun nan ba sa mai da mutum lauya. Mai son wannan sai ya yi digirin shari'a a jami'a, ya wuce Makarantar Horon Lauyoyi, a rantsar da shi. Amma aikin rajista a kotu, da akawun lauya, da aikin ƙungiyoyin taimakon shari'a a karkara, duk ƙofofi ne da wannan karatu yake buɗewa.

Gonar Baba ba za ta kwana ba. Zaman kotu na safe ne, galibi kafin la'asar an watse, ga Asabar da Lahadi. Ka yi sammako ka yi kuyya biyu-uku kafin takwas in ta kama, sauran da yamma.

Kawu kuma kada ka ce masa "doka ta hana". Ka ce makaranta ce ta ƙayyade sai ma'aikacin kotu ko lauya, wanda kuma gaskiya ne, sannan ka roƙe shi ya raka ka wurin rajistara ya gabatar da kai. Shekarun da ya yi a bakin kotun nan, ba wanda bai sani ba daga alƙali har mai shara, kuma zai ji daɗi a ce ta hannunsa ka shiga. Ku je ranar da ba a cika zama ba, da takardar makaranta kwafi biyu, ɗaya a buga mata hatimin karɓa ka dawo da ita.